Moustapha Alassane: gareji ne ya yi shi ko Kanada?

Mai Allo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Duk lokacin da aka ambaci marigayi Moustapha Alassane, mai shirya fina-finai na Nijar, sai ka ji an ce Norman McLaren, gwanin katun na hukumar fina-finai ta Kanada, shi ne ya mayar da shi mai katun da ya je Kanada. Ni wannan magana ba ta gamsar da ni ba. Mutumin da aka haifa a 1942, tun yana yaro yana haɗa wa tsararrakinsa wasan inuwa da fitila, ya zo ya koyi kanikanci, sannan ya shiga harkar fim a cibiyar bincike ta IFAN a Yamai a hannun Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, ai ba hannu rabbana ya je Kanada ba. Masu sanin aikin, ku warware mana: me ya tafi da shi, me kuma ya samo a can?

Ba'adare:
Wa alaikumus salam Malam. Mu fara da wasan inuwar, don ana raina shi. Kayansa uku ne: fitila mai lagwani, farin ƙyalle da aka ɗaure ya miƙe, da siffofin da aka yanka a kwali aka soke a tsinke. Girman inuwa lissafi ne. Ka ɗauki nisan fitila zuwa ƙyalle, ka raba da nisan fitila zuwa siffar. In fitila tana mita 2 daga ƙyalle, siffar kuma tana santimita 50 daga fitila, inuwa ta ninka sau 4 ke nan. Kwaɗo mai santimita 15 zai fito santimita 60.

To amma harshen wuta ba ɗigo ba ne, yana da faɗi. In faɗinsa santimita 1 ne, a wannan tsayuwa da na faɗa bakin inuwar zai dushe da kusan santimita 3. Yatsu, gashin baki, duk wani siririn yanka ya ɓace. Magani ko dai ka matsa da siffar kusa da ƙyalle ka haƙura da girma, ko ka rage lagwani ka juya fitilar yadda siririn gefen wutar zai dubi ƙyallen. Wanda ya ce bari ya ƙara fitila ta biyu don haske, inuwa biyu zai samu.

Yaron da ya yi fama da wannan ya koyi abu guda da ba ya barin hannu: abin da ke cikin siffa ba ya fita, gefenta ne ke magana. In za ta miƙa hannu, sai a miƙa shi waje da jiki, ba gaban ƙirji ba. Ku je ku dubi kwaɗin da Moustapha ya zana a katun ɗinsa. Faffaɗan baki, tulun ciki, siraran ƙafafu, idanu a saman kai. Ko ka shafe su da baƙi gaba ɗaya za ka gane wane ne sarki, wane ne bafade.

Injiniya:
Ba'adare ya yi bayanin ido, bari in yi na hannu. Kyamarar fim ta wancan zamani inji ce, ba wani abu ba. Akwai ɗan ƙugiya da ke shiga hujin gefen fim ya jawo shi ƙasa firam ɗaya, wato hoto ɗaya, ya tsaya cak, marfi ya buɗe haske ya shiga, ya rufe, a sake ja. A fim mai faɗin milimita 16, tsakanin huji da huji milimita 7.62 ne, ƙafa ɗaya tana ɗauke da firam 40. Nadi mai ƙafa 100 firam 4,000 ke nan, wato minti 2 da sakan 46 in ana haska firam 24 a sakan. Mai katun ba ya barin injin ya gudu. Danna ɗaya, firam ɗaya.

Abin da ke kashe aikin shi ne wasa a jikin kaya. Kyamara a kafe take a sama tana duban tebur, takarda a ƙasa. In faɗin zanenka santimita 25 ne aka haska shi a allo mai mita 3, an ninka shi sau 12. Takarda ta goce da milimita 1, a allo ta yi tsalle da milimita 12, kuma sau da yawa a sakan guda. Ido ba ya yafe wannan. Shi ya sa ake huda duk takardun a wuri ɗaya a zura su a turaku biyu ko uku da aka kafe a tebur, a ɗaure sandar kyamara da noti da washa, a ɗaure teburin kansa da ƙasa ko bango.

Bakanike ba sai an yi masa lacca a kan wannan ba. Ya san noti da ya yi lako-lako yau, gobe ya ci zare. Ya saba yin alama kafin ya kwance, ya jera kaya bi da bi yadda zai mayar. Kuma in abu babu a kasuwa, ba zama yake yi ba, ƙerawa yake. Teburin ɗaukar katun na kamfani kuɗi ne mai yawa a turo shi daga Turai, amma bututun ƙarfe, katako, gilashi da fitilu biyu a kusurwar digiri 45 hagu da dama, wannan aikin yini biyu ne a gareji.

Malamar Zane:
Injiniya, ka bar babban abu. A makance ake ɗauka. Fina-finan ƙasashen Afirka rainon Faransa a lokacin Faransa ake kai su wanki. Ka gama ɗaukar nadi, ka rufe gwangwani, ka aika, ka zauna jira. In fitila ɗaya ta mutu a firam na 900 ba ka lura ba, ko inuwar hannunka ta shiga, sai bayan makonni za ka gani, alhali ka riga ka kwance shirin.

Don haka komai a takardar lissafi yake kafin a taɓa kyamara. Layi ɗaya firam ɗaya, a rubuta lambar zanen da za a ɗora da sau nawa za a danna. Minti ɗaya firam 1,440. In kowane zane za a ɗauke shi sau biyu, zane 720 ke nan a minti. Sau uku, 480. Bon Voyage Sim na 1966 kusan minti 5 ne, wato wajen firam 7,200. Mutum ɗaya ya ce zai yi sabon zane ga kowane firam biyu, zane 3,600 ke jiransa. In yana gama 30 a yini, wata huɗu ke nan ba hutun Juma'a.

Ga inda dabara take. Labarin shugaban ƙasar kwaɗi ne da ya tafi ziyarar aiki, aka yi masa tarba da duk bidirin da aka saba. Bidirin gwamnati kuwa maimaici ne: fareti, ɗaga hannu, kaɗa ganga, tafi. Sojan fareti yana taku 120 a minti, taku ɗaya firam 12, hagu da dama firam 24. Zane 8, kowanne a ɗauke shi sau uku, sun ba ka sakan ɗaya. Ka juya su sau goma, ka samu sakan goma na fareti da takarda takwas. Abin da ya rage wa mai zane wahala shi ne kuma abin dariyar, don mai kallo yana ganin manya suna ta nanata abu ɗaya kamar an murɗa musu makulli.

Kurakurai biyu ake yi a nan. Na farko, a mayar da zane na ƙarshe daidai da na farko, sai tafiyar ta riƙa ɗingishi duk zagaye. Na biyu, in ana jan bangon baya don a nuna ana ci gaba, dole jan ya yi daidai da ƙafar da ke ƙasa. In ƙafar tana komawa baya milimita 4 a kowane zane, bango ma milimita 4. In ya saɓa, sai ka ga soja yana sulɓi.

Ɗan Birni:
Ranku ya daɗe, kuna neman ku mayar da zuwa Kanada yawon buɗe ido. A yi adalci. Wasan inuwa da hannu ake motsa shi, a lokacin da ake kallo. Ba ya koya maka yanka motsi gida ashirin da huɗu. Gareji ma ba ya koya maka cewa hannu in zai tashi a hankali yake farawa, ya yi sauri a tsakiya, ya lafa a ƙarshe, don haka zanuka su matsu a farko da ƙarshe, su buɗe a tsakiya. In ka raba tazarar daidai wa daida, motsin ƙarfe za ka samu. Wannan ilimi ne da ake koya a wurin wanda ya sani, kuma McLaren duk koyarwarsa a kan haka ta tsaya: abin da ke tsakanin firam da firam ya fi abin da ke kan firam ɗin muhimmanci.

Mai Allo:
Ban musa ba Malam. Amma me ya sa koyarwar McLaren ta kama shi, ba ta gidajen katun na Amurka ba?

Ɗan Birni:
Saboda McLaren ma ɗan "yi da abin da ka samu" ne. Ɗan Sikotlan ne, an haife shi a 1914. Yana ɗalibi a makarantar zane ta Glasgow ba shi da kyamara, sai ya wanke tsohon fim ya yi fenti a kansa kai tsaye. John Grierson, shugaban hukumar fina-finai ta Kanada a lokacin, ya kawo shi can a 1941, shi McLaren ya kafa sashen katun. Har sauti da hannu yake zanawa a gefen fim. Kuma ya taɓa koyar da katun mai arha ƙarƙashin UNESCO a Sin a 1949, daga baya a Indiya. Wato ya san ɗalibin da zai koma inda babu kamfani.

Tsarin Amurka kuwa masana'anta ne. Wani ya yi manyan zanuka, wani ya cike tsakani, wani ya kwafe a roba mai garai-garai, wasu su yi fenti a bayanta, wani ya ɗauka. Da can aka kai shi, da ya koyi kujera ɗaya cikin goma, ya dawo Yamai babu sauran taran.

Injiniya:
Ƙarin bayani kan zane a jikin fim, don matasa na jin labarin su ɗauka abu ne mai sauƙi. McLaren a fim mai milimita 35 yake yi, inda firam ya kai wajen milimita 22 da 16. A milimita 16 kuwa filin zanenka milimita 10 ne da 7 da rabi, bai kai farcen babban yatsa ba. A allo mai mita 3 ninkin ya kusa 290. Layin alƙalami mai kaurin milimita 0.2 zai fito kusan santimita 6, kuma rawar hannunka ma haka za a ninka ta. Sai siffa mai layi biyar ko shida take rayuwa a nan. Tawada ta ruwa kuma ba ta kama gefen fim mai santsi, taruwa take ɗigo-ɗigo ta ɓare a majigi.

Sarkin Gardama:
Ni fa ina da ja. Kullum in an zo maganar masu fasaharmu sai a mayar da rashi abin ado. Wai ya ƙera kayansa da kansa, wai shi kaɗai. To da ya samu mutum ashirin da ɗakin wanki a Yamai ƙi zai yi? Katun ɗinsa duk gajeru ne, minti biyar, minti goma sha wani abu. Dogayen ayyukansa da mutane ya yi su: Le Retour d'un aventurier a 1966, inda Zalika Souley da Djingarey Maïga suka fito, sai FVVA a 1972, sai Toula da aka ɗauko daga labarin marubuci Boubou Hama. Wannan ba zaɓi ba ne, lissafi ne. Fim na minti 70 da mutane ana iya ɗaukarsa a makonni. Katun na minti 70 firam 100,800 ne. Hannu ɗaya ba ya yi.

Malamar Zane:
Gaskiyarka Yaya, rashi ba abin yabo ba ne. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Mutum nawa ne suka sami irin horon nan a ƙasashen waje suka dawo suka zauna jiran kayan aiki har tsufa? Abin da ake nunawa shi ne ɗabi'ar auna aiki da ƙarfin da ke hannu, a yanka shi daidai yadda zai ƙaru. Katun ɗinsa La Mort de Gandji gajere ne, amma an gama shi, an kai shi bikin fasahar baƙar fata na duniya a Dakar a 1966, ya dawo da kyauta. Wanda ya tsara na awa guda bai gama ba, wa ya san sunansa?

Sarkin Gardama:
Na karɓi rabin wannan, Malama. Ɗaya rabin kuwa, ƙasar da ta ba da mutum irin wannan ta bar shi ba masana'anta a bayansa, ita ce da asara. Ya shugabanci sashen fim a jami'ar Yamai shekara 15, amma gidan katun mai ma'aikata bai tsaya ba.

Ba'adare:
Wannan zancen gwamnati ne, a buɗe masa zaure daban. Mu koma hannu. Inda kanikancin ya fi fitowa fili shi ne da ya koma 'yan tsana: Samba le Grand a 1977, mai launi, sannan Kokoa, inda kwaɗi da hawainiya da wasu dabbobi ke kokowa a fage. Shi da ya zauna a Tawa bai rasa inda zai ga kokowa ba. A can aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975.

'Yar tsanar fim daga ƙashi ake fara ta. Wayar alminiyam mai laushi, kauri milimita 1.5, a ninka biyu a murɗe su tare don ƙafafu da gadon baya, milimita 1 don hannuwa. Wayar ƙarfe ba ta yi, kana sakinta ta ɗan koma, motsin ya ɓaci. Jan ƙarfe yana taurara da lanƙwasa, ya karye a gwiwa ana tsakiyar ɗauka. Ko alminiyam ɗin, in bakin filaya ya yi masa tabo, a nan zai karye, don haka a naɗe bakin filaya da tef. Cinya da ƙwauri da damtse a ɗaure su da abu mai tauri, siririn bututu ko gam mai daskarewa, a bar gaɓoɓi kawai a buɗe kamar santimita 1. In ba haka ba ƙafa ta lanƙwashe ko'ina kamar taliya.

Tsawo santimita 15 zuwa 25. Kai ya zama mara nauyi, ɓargon kara ko soso ko takarda da gam, don kai mai nauyi yana sunkuyar da wuya a hankali tsakanin firam da firam, ba za ka gani ba sai a allo. A tafin kowace ƙafa a binne noti, a huda tebur, a ɗaure daga ƙasa. Ƙafar da ke ɗauke da nauyi a ɗaure take koyaushe, ba a kwance ta sai ɗayar ta sauka an ɗaure.

Injiniya:
Kuma kokowa ita ce mafi wuyar abin da mutum zai zaɓa. 'Yan tsana biyu a sarƙe, ka taɓa ɗaya ɗayan ya motsa. Lokacin ɗagawa, ƙafafu biyu ne ke ɗauke da jiki biyu, nauyin kuma ya fita daga kan ƙafafun. Sai da waya mai tallafi daga baya inda jikin ya ɓoye ta, ko siririn zare daga sama.

Sai wuta. Ƙwan fitila mai zare, in ƙarfin wuta ya sauka kashi 5 cikin 100, haskensa yana sauka kusan kashi 16. Firam ɗaya da rana, na gaba bayan unguwa ta kunna kaya, a allo sai hoto ya riƙa ƙyaftawa. Hasken rana ya fi muni, don sakan huɗu na fim na iya cin awa biyu, inuwa ta zagaya. A toshe taga, a sa sitabilaiza, a gama fitowa ɗaya a zama ɗaya. Ga ƙurar hunturu da ke sauka kan gilashi da tufafin 'yan tsana, ga zafin fitilu da ke nannaɗe takarda ya narkar da abin da aka mulmula da kakin zuma.

Mai Allo:
To da kwamfuta ta zo fa? Yawancin 'yan zamaninsa ba su ƙetare ba.

Ba'adare:
Shi ya ƙetare. A Tawa yana da otal, ya mayar da wani sashe wurin aiki, 'yan tsana a gefe, kwamfuta a gefe, yana katun da ita har shekarunsa na ƙarshe. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015, Allah Ya jiƙansa. A ganina wanda ya ɗauki kyamara a matsayin inji da ake kwancewa, kwamfuta ma wani injin ce, ba ya jin tsoronta. Masu wahala su ne waɗanda suka koyi maɓalli ba su koyi dalili ba.

Autan Zaure:
Amin. Iyayena, ku yi haƙuri da tambayar ƙarami. Wanda yake da waya kawai yana son gwada faɗuwar kokowa da 'yan tsana, firam nawa zai ba faɗuwar? Ana cewa tana fitowa kamar an jefar da abin wasa.

Injiniya:
Auta, dalilin shi ne ana ba ta lokacin 'yar tsana maimakon lokacin mutum. Abu in ya faɗo daga santimita 20, kashi ɗaya cikin biyar na sakan yake ɗauka, firam 5. Ido yana ganin haka ya san ƙaramin abu ne. Ƙato in aka kayar da shi, jikinsa yana saukowa kamar mita 1, wannan kuwa kusan rabin sakan ne, firam 11. To ka ba 'yar tsanarka firam 11 ko 12 ko da tazarar santimita 15 ce.

Kada ka raba tazarar daidai. Faɗuwa tana ƙaruwa ne 1, 3, 5, 7, 9, 11. In kana ɗaukar kowane matsayi sau biyu, matsayi shida ke nan, jimillar kason 36. A santimita 15, kaso ɗaya ya ɗan haura milimita 4. Tazarar da za ka ƙara a matsayi na farko milimita 4, na biyu 12, na uku 21, na huɗu 29, na biyar 37, na shida 46. Ka yi alamun a tsinke ka tsayar a gefe, ka cire shi kafin kowace dannawa.

Malamar Zane:
Kafin kayarwar kuma ka ba mai kayarwa firam 6 zuwa 8 ya ɗan durƙusa ya ja baya, in ba haka ba mai kallo ba zai ga daga ina ƙarfin ya zo ba. Bayan an sha ƙasa, jiki ya ɗan tashi firam 2 ya koma, ƙafafu su sauka bayan gadon baya da firam 3 ko 4, sannan ka riƙe hoton aƙalla firam 12 kafin alƙali ya shigo.

Wayar kuma ka kulle mata haske da saitin nesa da launi, kada ka bar ta tana zaɓa da kanta, don duk shigar hannunka sai ta canja. Kada ka danna jikinta, yi amfani da maɓallin igiyar kunne ko agogon sakan 2. Ka sa baƙar riga, farar riga tana mayar da haske kan fage.

Sarkin Gardama:
Matsayi shida sun yi kaɗan ga faɗuwa, Injiniya. Tsallen milimita 46 a 'yar tsana mai santimita 20, a riƙe shi firam biyu, zai yi tsalle-tsalle a ido. Wurin sauri ɗaya-ɗaya ake ɗauka. Ya bar bibbiyu a riƙo da turereniya, in an zo kayarwa ya koma matsayi 11, kason ya zama 121, kowane kaso milimita 1 da ɗan ɗori. Ya saita manhajar a firam 24, ba 12 ba, in ba haka ba ba shi da damar yin hakan.